Ku Tambaya Mu Amsa: Yahudawan Ƙauyukan Jamus da Yadda Ake Bin Salsalarsu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. A fitowar da ta gabata ina cikin amsa wata tambaya kan wandon jins na ambata a wucewa cewa Levi Strauss, mai kamfanin Levi's, Bayahude ne haifaffen wani ɗan ƙauye a Jamus mai suna Buttenheim, to ashe na sosa wa mutane inda yake musu ƙaiƙayi, saƙonni suka yi ta shigowa har sai da na ware wannan fitowar dungurungum ga maganar. Waɗanda tambayarsu ta zo iri ɗaya na haɗe su wuri guda, kada wani ya ce an yi watsi da tasa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni abin da ya ɗaure min kai shi ne mu dai abin da muke ji Yahudawan Turai mutanen birni ne, to me kuma ya kai su ƙauye? Ko noma suke yi ne?
Daga wani mai karatu

AMSA: Amin ɗan'uwa, na gode. Ba noma ya kai su ba, don a yawancin wurare ma doka ba ta yarda su mallaki gona ba, koro su aka yi daga birni. Da fari kam a birane suke, irin su Mainz da Worms da Speyer a bakin kogin Rhine, a Worms har yau akwai maƙabartarsu mai dutsen kabari na wajen shekarar 1058, kuma a 2021 UNESCO ta sa wuraren tarihinsu na garuruwan nan uku cikin kayan tarihin duniya. Sai annobar nan ta 1348 zuwa 1350 ta zo tana ɗauke mutane gida-gida, aka rasa wanda za a ɗora wa laifi sai aka ce wai Yahudawa ne suka zuba guba a rijiyoyi, aka far musu gari bayan gari. Waɗanda suka tsira sun ɗan dawo, amma daga baya birane suka shiga fatattakar su bi da bi, Cologne a 1424, Nuremberg da Ulm a 1499, Regensburg a 1519. Ita Nuremberg sai a 1850 ta sake barin Bayahude ya zauna a cikinta, ka lissafa ka gani, shekara 350 ke nan har da ɗoriya.

To ina za su nufa? Wasu sun yi gabas zuwa Poland, wasu kuma suka tsaya nan kusa. Ka san a lokacin babu wata ƙasa guda wai ita Jamus, ɗaruruwan ƙananan masarautu ne birjik, wani basaraken duk mulkinsa bai wuce ƙauye biyu ko uku ba da tsohon gidan sarauta da ke neman gyara, ga son girma ga aljihu ba nauyi. Irin waɗannan su suka buɗe musu ƙofa, musamman bayan yaƙin shekara talatin na 1618 zuwa 1648 wanda ya bar ƙauyuka da yawa kufai ba mai biyan haraji. Kuma kada ka ɗauka don Allah suka yi, ciniki ne tsagwaronsa. Magidanci zai biya kuɗi a ba shi wata takarda da ake kira Schutzbrief, ita ce izinin zamansa a ƙarƙashin kariyar mai garin, duk shekara ya biya kuɗin kariya, a biya na filin maƙabarta, a biya na binne gawa, in zai tsallaka iyaka zuwa masarautar gaba ya biya kuɗin kansa a bakin shinge, kuma iyakokin nan a rana ɗaya kana iya tsallake uku.

Misali a 1787 mai garin Buttenhausen, ɗan gidan sarautar Liebenstein, ya ba iyalai 25 izinin zama a ƙauyensa. A Gailingen da ke kan iyakar Switzerland sai da ta kai a tsakiyar ƙarni na 19 kusan rabin mutanen garin Yahudawa ne, har suka yi magajin gari Bayahude daga 1870 zuwa 1884. Yankunan da abin ya fi yawa su ne Franconia da Swabia da Hesse da Baden da Württemberg da gefen Rhine, don haka duk mai bin salsala can zai yi ta karakaina.

Sana'a kuwa, tunda ƙungiyoyin masu sana'ar hannu sun rufe musu ƙofa, gona kuma babu, sai suka kama fataucin shanu da dawakai, da dillanci, da fawa, da tallan yadi da allura da zare a goye a baya. Mutum zai fita ranar Lahadi ko Litinin ya yi ta bin ƙauyuka a ƙasa, kowa da yankinsa da ya gada wanda ɗan'uwansa ba ya shiga masa, sai ranar Juma'a ya yi sauri ya iso gida kafin rana ta faɗi saboda Asabar. Cuɗanyarsu da manoma ta yi nisa har a wani gari Schopfloch Kiristocin garin suka ɗauki yaren 'yan kasuwar shanu mai cike da kalmomin Ibrananci, ana ce masa Lachoudisch, suka ci gaba da yin sa bayan babu Bayahude ko ɗaya a garin.

TAMBAYA: Salam Malam. Ai ka ga maganarmu ta fito, shi ma Levi Strauss ɗin ai attajiri ne, dama an ce duk Bayahude mai kuɗi ne.
Daga wani mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam. A'a malam, maganarku ba ta fito ba. Uban Levi Strauss ɗan talla ne mai yawo da yadi ƙauye-ƙauye, tarin fuka ya kashe shi a 1846, uwar ta kwashi yara ta bi 'yan'uwansu zuwa New York don zaman ya gagara. Arzikin a San Francisco aka yi shi, bayan 1853, ba daga Buttenheim aka zo da shi ba. Haka 'yan gidan Lehman, masu bankin nan da ya durƙushe a 2008, 'ya'yan wani mai fataucin shanu ne daga Rimpar kusa da Würzburg, babbansu Henry ya tafi Amurka a 1844 ya buɗe ɗan kanti a Alabama. Marcus Goldman na bankin Goldman Sachs ɗan Trappstadt ne, ya sauka Amurka a 1848 ya fara da talla. Su waɗannan ake ji don sun yi suna, amma wa yake jin labarin dubban da suka mutu da ƙunshin talla a baya? Kai a ƙarni na 18 akwai ɗimbin Yahudawa da ko kuɗin takardar kariyar ba su da shi, ba su da izinin zama ko'ina, yawon bara suke daga wannan al'umma zuwa waccan ana ba su kwana ɗaya ko biyu da abinci su ƙara gaba. Su ne ma suka fi ba masu bincike wahala, don wanda ba a karɓar haraji a hannunsa ba a cika rubuta sunansa ba.

TAMBAYA: Malam don Allah ina sunaye irin su Oppenheimer da Kissinger da Rothschild suka samo asali? Kuma gaskiya ne in ka ga suna mai "berg" ko "stein" a ƙarshe to na Bayahude ne?
Daga wata mai karatu

AMSA: 'Yar'uwa bari in fara da ta ƙarshen, ba gaskiya ba ne. Waɗannan sunaye ne na Jamusanci kawai, Kirista na da su Bayahude na da su. Ɗaya daga cikin manyan masu tsara aƙidar Nazi ma, wanda aka rataye a Nuremberg a 1946, sunansa Alfred Rosenberg. Don haka suna shi kaɗai ba hujja ba ne.

Abin da ya kamata ki riƙe shi ne kafin wajen 1800 yawancin Yahudawan ƙauye ba su da sunan dangi tsayayye wanda ake gada. Wane ɗan wane ake yi, kamar dai yadda mu ma muka saba. Mutum sunansa Moses ubansa Abraham, a takarda sai a rubuta Moses Abraham, shi kuma ɗansa in sunansa Isaak ya zama Isaak Moses, ka ga kowane zamani suna na biyu ya canza ke nan. Hukuma ce ta gaji da wannan don tana son ta san wa za ta bi haraji wa za ta ɗauka soja, sai aka shiga kafa dokar dole kowane gida ya zaɓi suna guda ya tsaya a kai. Napoleon ya yi tasa a Yuli 1808 wadda ta shafi yammacin kogin Rhine da ke hannun Faransa a lokacin, Baden 1809, Purushiya 1812, Bavariya 1813, Württemberg 1828, wasu wuraren sai bayan haka.

Da aka ce a zaɓa, wasu suka ɗauki sunan garin da kakanninsu suka fito, Oppenheimer daga Oppenheim, Wertheimer daga Wertheim, Bamberger daga Bamberg. Henry Kissinger, wanda aka haifa a Fürth a 1923 ya zama sakataren harkokin wajen Amurka, kakan kakansa ne mai suna Meyer Löb ya ɗauki sunan a 1817 daga garin Bad Kissingen. Wasu suka mayar da sunan uba ya zama na dangi. Wasu suka riƙe Cohn ko Kahn ko Katz don nuna su zuriyar limaman gidan Annabi Haruna ne, wasu Levi. Sunayen dabbobi irin su Hirsch da Löw da Wolf, wato barewa da zaki da kyarkeci, suna da alaƙa da yadda Attaura ta siffanta 'ya'yan Annabi Yakubu, mai suna Naftali a kira shi Hirsch, Yahuda Löw, Binyaminu Wolf. Rothschild kuwa daban ne, shi na birni ne kuma ya girmi dokokin nan, a unguwar Yahudawa ta Frankfurt gidaje ba lamba gare su ba alama ce, gidan kakanninsu mai alamar jar garkuwa ne.

Inda rikicin yake, 'yan'uwa uku uwa ɗaya uba ɗaya suna iya zaɓar sunaye uku mabambanta a rana ɗaya, sannan wasu mutum biyu da ba su haɗa komai ba a garuruwa daban su zaɓi suna iri ɗaya. Shi ya sa takardar da aka rubuta a ranar zaɓen sunan, mai nuna tsohon suna a gefe ɗaya sabo a ɗaya gefen, ita ce gadar da mai bincike ke bi ya tsallaka baya. In babu ita to sai dai hasashe.

TAMBAYA: Allah gafarta Malam, ni ɗaliba ce ina karatun digiri na biyu a fannin tarihi, malamata ta ba ni aikin in zaɓi iyali ɗaya na Yahudawan karkarar Jamus in bi salsalarsu ta intanet a matsayin gwaji, wallahi na rasa ta inda zan fara, na buga sunan da na zaɓa a Google ya kawo min mutane ba iyaka daga ƙasashe daban-daban. A taimaka min.
Daga wata ɗaliba

AMSA: Malama ki kwantar da hankalinki, kuskuren da kowa ke yi ne a farko, kin fara da suna. Wannan aikin da gari ake fara shi. Jamus ba ta da wani rumbu guda da aka tara rajistar haihuwar kowa da kowa, komai a garinsa yake ko a rumbun adana takardu na jihar da garin ya faɗa. In ba ki san ƙauyen ba to ba ki fara ba tukuna. Kuma ki yi hattara, waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka in an tambaye su daga ina sai su ce Bavariya kawai, ko su ambaci babban birnin da ya fi kusa don ba wanda ya san ƙauyensu, sannan garuruwa masu suna iri ɗaya sun yi yawa, Neustadt kaɗai ba za ki ƙirga su da yatsun hannu ba. Sunan ƙauyen yakan fito ne a takardar neman zama ɗan ƙasa, ko sanarwar rasuwa a jarida, ko kan dutsen kabari, ko jerin fasinjojin jirgin ruwa. Na tashar Hamburg yana nan daga 1850 zuwa 1934, na Bremen kuwa akasarinsa ya salwanta.

In kin samu gari, sai ki duba shafin Alemannia Judaica, gari-gari suka bi kudancin Jamus suna kawo tarihin kowace al'umma da hotunan wurin ibada da maƙabarta har da tsoffin sanarwoyin jarida. Daga nan ki riƙa ja da baya sannu a hankali, kada ki yi tsalle.

Daga 1 ga Janairu 1876 duk Jamus ta koma rajistar gwamnati ta haihuwa da aure da mutuwa a ofishin da ake kira Standesamt, ba ruwansu da addininka, Purushiya ta riga da fara tun Oktoba 1874, yammacin Rhine kuma tun zamanin Faransawa. Dokar yanzu ta ce rajistar haihuwa sai ta shekara 110 ake buɗe ta ga kowa, ta aure 80, ta mutuwa 30, wadda ba ta kai ba galibi sai dangi na kusa. A gefen rajistar haihuwar Bayahuden da ya kai 1939 da rai a Jamus sau da yawa za ki ga wani ɗan rubutu da aka ƙara daga baya, dokar Agusta 1938 ce ta tilasta maza su ƙara Israel a sunansu mata su ƙara Sara, bayan yaƙin duniya na biyu aka sake wani rubutun a ƙasansa cewa an soke. Takarda ɗaya, hannun magatakarda uku, zamani uku.

Kafin 1876 kuwa rajistar Yahudawa daban ake ajiye ta, wani wuri malaminsu ke rubutawa, wani wuri kamar Baden limamin cocin garin aka ɗora wa aikin, don haka kada ki raina littattafan coci. Ga wani abin takaici kuma, yawancin waɗannan rajistocin 'yan Nazi sun ƙwace su don su riƙa tantance wa ke da jinin Yahudawa, suka ba wani kamfani Gatermann ya ɗauke su a fim a ƙarshe-ƙarshen yaƙi, to ainihin littattafan da yawa sun ɓace, hotunan nan su suka rage, kuma da su jikoki ke neman kakanninsu a yau. Na Baden-Württemberg da na Hesse an ɗora su a intanet kyauta.

In iyalin da kika zaɓa na Bavariya ne to kin dace, ko in ce kin dace da rashin dacen mutanen. Dokar 1813 ta zo da wani tsari da ake kira Matrikel, an ƙayyade yawan gidajen Yahudawa a kowane gari, kowane magidanci da lambarsa, ba a ƙarawa, dokar ma cewa ta yi in da hali a riƙa ragewa. Saurayi ba zai yi aure ya kafa gida ba sai wata lamba ta zama ba mai ita, wato sai wani ya mutu ko ya bar gari, yawanci babban ɗa ke gadar ta uba, sauran ƙannen fa? Ko su tsufa ba aure, ko su auri bazawarar mai lamba, ko su kama hanyar Amurka, kuma abin da dubbai suka yi ke nan har aka soke tsarin a 1861. Wannan rajistar ta ƙuntatawa ita ce yau ta fi kowace takarda amfani ga mai bin salsala, don a ciki akwai tsohon suna da sabon suna da sana'a da ranar da aka ba mutum izini, wani lokaci har da wanda ya gaje lambar. In kika wuce 1800 baya sai ki koma kan takardun kariya da littattafan harajin masu gari da shari'o'in bashi da na cinikin shanu, wasunsu har yanzu a hannun zuriyar sarakunan suke.

Sauran wuraren dubawa akwai JewishGen, shafin intanet na masu bin salsalar Yahudawa, da cibiyar Leo Baeck ta New York da aka kafa a 1955 wadda ke da tarin takardun iyalai, da babban rumbun tarihin Yahudawa da ke birnin Kudus. Amma fa ki shirya wa rubutun hannu, tsohon salon Jamusawa ne da ake kira Kurrent, ko Bajamushen yau in bai koya ba kallon sa kawai zai yi, harafin e kamar n, h kamar f. Ki ba shi sati biyu ko uku kina gwadawa kullum, ido zai saba.

Dabara ta ƙarshe, Yahudawan wannan yanki ba sa sa wa jariri sunan wanda ke raye, sai wanda ya rasu. In kin ga 'yan'uwa uku duk sun haifi maza a 'yan shekaru kusa da juna kowa ya sa wa nasa Salomon, to ki nemi wani Salomon da ya rasu dab da lokacin, galibi shi ne kakan.

TAMBAYA: Malam na ga hotunan maƙabartunsu a intanet a tsakiyar daji kan tudu nesa da gari, duwatsun duk da rubutu. Me ake rubutawa, kuma me ya sa suke nesa haka?
Daga wani mai karatu

AMSA: Nesan dai ba zaɓinsu ba ne, mai gari ba zai sayar musu da ƙasa mai kyau ba sai gangaren dutse da ba a iya nomawa. Kuma ba kowane ƙauye ke da tasa ba, ƙauyuka goma ko ashirin kan haɗu a kan guda, a ɗora gawa a keken doki a yi tafiyar sa'o'i ana biyan kuɗi a kowane shinge. Ta Kleinbardorf a Franconia an buɗe ta a 1574 kuma tana da duwatsu wajen 4,400. Wannan yana da muhimmanci ga mai bincike, kakanka na iya zama a wannan ƙauyen amma kabarinsa yana can wani gari mai nisa. A addininsu ba a tone kabari a sake binne wani, shi ya sa maƙabartun suka daɗe haka, da yawa sun tsira ma daga zamanin Hitila duk da an farfasa wasu.

Rubutun da Ibrananci ne, sai a ƙarni na 19 aka fara ƙara Jamusanci, da farko a bayan dutsen daga baya ya dawo gaba. Za ka ga sunan mamaci da na ubansa, mace kuma a ce 'yar wane matar wane, da ranar rasuwa, da 'yan kalmomin yabo, wani lokaci da sunan ƙauyensu. Akwai zane-zane kuma masu ma'ana, hannaye biyu a buɗe alamar zuriyar limamai, buta alamar Lawiyawa, ƙaho alamar mai busa ƙaho a ranakun idi, wuƙa alamar mai yi wa jarirai kaciya. Shekarar da kalandarsu ake rubuta ta, kuma sukan bar dubban, don haka in ka ga 600 ana nufin 5600, ka ƙara 1240 a kan 600 ɗin ya ba ka 1840, sai dai sabuwar shekararsu a Satumba ko Oktoba take kamawa, in rasuwar ta faɗo daga nan zuwa ƙarshen Disamba sai ka rage ɗaya. Cibiyar Steinheim da ke Essen tana da rumbun intanet mai suna epidat inda suka kwafe dubban rubuce-rubucen nan suka fassara, kuma gara da suka yi don dutsen yankin mai laushi ne, ruwan sama na cinye rubutun.

Tunda an zo nan bari in ƙara da wani abu da ni ya fi burge ni a duk wannan fannin. Zanen da aka naɗe jariri da shi ranar kaciya ba a yar da shi, sai a wanke a yanka shi gida huɗu a ɗinke ya zama doguwar ɗamara, a yi mata ado da zare ko fenti, a rubuta sunan yaron da na ubansa da ranar haihuwarsa da addu'ar Allah ya raya shi ya yi karatu ya yi aure ya yi ayyukan alheri. In ya ɗan tasa sai a kai shi majami'a, wato wurin ibadarsu, ya miƙa ta, a riƙa ɗaure naɗin Attaura da ita. Wimpel ake ce mata, kuma ga wanda aka haifa kafin zamanin rajista sau da yawa ita ce kaɗai shaidar haihuwarsa. An samo da yawa a saman rufin tsoffin majami'u inda suke ajiye littattafan da suka tsufa don ba a zubar da abin da ke da sunan Allah, kamar a Veitshöchheim inda aka gano irin wannan ma'ajiya a 1986 ana cikin gyaran ginin. Matsalar ita ce 'ya mace ba ta da wannan ɗamarar, ba ta cikin littafin mai kaciya, lambar Matrikel kuma yawanci ta magidanci ce, don haka bin layin uwa ya fi wuya nesa ba kusa ba.

TAMBAYA: To Malam yanzu suna nan a ƙauyukan ko ina suka shiga?
Daga masu karatu da dama

AMSA: Kusan babu kowa. Amma tafiyar hawa biyu ce. Ta farko da ƙafarsu suka yi ta, da aka ba su cikakken 'yanci, Baden 1862, Württemberg 1864, duk ƙasar 1871, sai matasa suka kwarara birni neman karatu da kasuwa. Mahaifin Albert Einstein ɗan Buchau ne, wani ƙaramin gari a Swabia, shi kuwa Albert a birnin Ulm aka haife shi a 1879, ka ga misali. Zuwa 1933 Yahudawan Jamus wajen 500,000 ne, ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku a Berlin suke. Ƙauyuka sai tsofaffi da 'yan kasuwar shanu.

Ta biyun ita ce ta Hitila. A ƙauye babu wurin ɓuya, kowa ya san gidan kowa. Aka hana manoma ciniki da su, aka kore su daga kasuwar shanu, daren 9 ga Nuwamba 1938 aka farfasa majami'u, wasu na ƙauye ba a cinna musu wuta ba don kawai suna manne da gidan maƙwabci, daga baya aka mayar da su rumbun ciyawa ko gareji, ta Veitshöchheim ɗin nan ma gidan 'yan kwana-kwana ta zama. Ranar 22 ga Oktoba 1940 aka kwashe mutum sama da 6,500 daga Baden da Palatinate da Saar zuwa sansanin Gurs a kudancin Faransa, har da na Gailingen. Daga ƙarshen 1941 jiragen ƙasa suka riƙa tashi da su zuwa birnin Riga na Latvia da gabashin Poland da sansanin Theresienstadt. Yahudawan Jamus da aka kashe sun kai tsakanin 160,000 zuwa 180,000.

Mai neman wanda ya faɗa cikin wannan zai duba littafin tunawa na rumbun tarayyar Jamus da ke intanet, da Yad Vashem, cibiyar tunawa da kisan Yahudawa da ke birnin Kudus, da rumbun Arolsen mai takardu wajen miliyan 30 kan mutane miliyan 17 da rabi. Abin da zai ba ka mamaki shi ne masu riƙe da tarihin ƙauyukan a yau yawancinsu ba Yahudawa ba ne, malaman makaranta ne da suka yi ritaya da 'yan sa-kai na garin, su ke share maƙabarta su bi rumbu su haɗa salsalar kowane gida su amsa wasiƙun jikoki daga Amurka da Isra'ila da Ajantina, kuma ni a ganina rubuta wa irin waɗannan wasiƙa ya fi wata guda kana lalube a intanet. Akwai kuma ƙananan duwatsun nan masu fuskar tagulla da mai zane Gunter Demnig ke kafawa a ƙofar gidan ƙarshe da mutum ya zauna, da sunansa da shekarar haihuwa da inda aka kai shi, sun haura 100,000 tun 2023, ko da yake ba kowa ya yarda da su ba, birnin Munich ya hana sa su a kan titin gwamnati don wasu na ganin bai dace a riƙa taka sunan mamaci ba.

Wani dalilin da ya sa binciken ya ƙaru shi ne fasfo. Sashe na 116 na kundin tsarin mulkin Jamus ya ba wanda aka ƙwace wa ɗan ƙasanci tsakanin 1933 da 1945 da zuriyarsa damar karɓa, a 2021 kuma aka faɗaɗa dokar, to dole ka kawo takardun da ke haɗa ka da kakan tun daga rajistar ƙauyen.

TAMBAYA: Malam ba gara mutum ya yi gwajin DNA kawai ya huta da duk wannan wahalar ba?
Daga wani mai karatu

AMSA: Zai taimaka amma ba zai hutar da kai ba. Mutanen nan sun yi ɗaruruwan shekaru suna aure a tsakaninsu, ƙauyuka kaɗan dangi kaɗan, don haka gwajin zai jero maka dubban mutane ya ce 'yan'uwanka ne na kusa alhali haɗin ya yi nisa, ta hanyoyi biyar ko shida kuka haɗu shi ya sa na'urar ta ga kamar kusa ne. Kuma ba zai gaya maka sunan ƙauye ba, wanda shi ne abin da kake nema tun farko.

Sauran tambayoyin da suka shigo kan wasu batutuwa sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.